Dare a Minna: Ƙwallo mai haske da uzurin zafin rana

Mai karatu, idan ka shigo Minna a watan Maris da tsakar rana, ba sai an gaya maka dalilin da ya sa garin yake yin tsit ba. Ka baro Suleja, ka wuce Lambata da Paiko, ka shigo ta Chanchaga, kafin ka iso Tunga rigarka ta manne a bayanka. A wannan watan zafi kan doshi digiri 40. Masu Keke Napep sun fake a gindin bishiya, 'yan kasuwar Kure suna fifita da kwali, kowa yana jiran rana ta yi sanyi.

To, a irin wannan yanayi ne likita zai dube ka ya ce jininka ya hau, ko sukarinka ya ƙaru, sai ka riƙa tattaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma awa ɗaya a kullum. Kai kuma amsarka a shirye take: da safe aiki, da rana zafi, da yamma gajiya. Ni ma da wannan uzurin na shiga Minna, kuma a can na baro shi.

Ka dakata har a yi Magariba, za ka ga wani garin daban. Iska ta fara saukowa daga duwatsun da suka kewaye shi, shataletalen Mobil ya cika, masu tsire sun hura wuta, mata suna suyar doyar nan da ake yi wa jihar Neja kirari da ita. Masu tarihin baka ma sun ce sunan Minna daga harshen Gbagyi ya fito, ma'anarsa yaɗa wuta, saboda a da akwai lokacin da akan kashe wutar kowane gida a shekara, sannan a ɗebo sabuwa a rarraba. Garin da ya samo suna daga wuta, ai bai kamata duhu ya tsare mutanensa a ɗaki ba.

Mai masaukina tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya, yana fama da hawan jini. A da yakan je filin ƙwallon lambu, wato golf, na barikin sojoji da ke garin, amma rana ta kore shi. Bayan Isha'i sai na ga ya ɗauko sanda guda da tocila, ya kira jikokinsa uku, ya ce mini, "Malam, taso ka ga abin da ya dawo da ni fili." Muka taka zuwa wani fegi da aka share a bayan unguwarsu ta wajen Bosso. Ya ajiye wata farar ƙwallo a ƙasa, ya buga a hankali. Nan take ta kama da koren haske, ta yi sama kamar makesu, ta faɗi tana gangarawa. Yaran suka kwasa da gudu suna ihu, shi kuma ya bi su yana takawa.

Ɗansa ne ya kawo masa ita tsaraba daga Dubai. Irin waɗannan ƙwallaye kala uku ne. Akwai mai ɗan ƙwan fitila da batir a cikinta, bugun sanda ne yake kunna ta, ta yi 'yan mintuna tana ci sannan ta mutu da kanta. Akwai wadda ake zura wa siririn tsinke mai ruwan sinadari, idan an lanƙwasa shi sai ya yi haske na wasu awanni. Akwai kuma wadda ake haska wa fitila mai ƙarfi ta sha hasken, sannan ta riƙa sakinsa a cikin duhu. Gwanaye sun ce ba su kai ƙwallon rana nisa ba, amma wanda ya fito neman lafiya ina ruwansa da nisa?

A Dubai ma zafin ne ya tura su wasan dare. Filin Faldo na kulob ɗin Emirates an kewaye shi da manyan fitilu, kuma a nan aka yi gasar ƙwararrun mata ta Dubai Moonlight Classic a shekarar 2019, inda aka yi ta wasa har cikin dare. Sai dai haskaka fili mai ramuka 18 aikin masu hannu da shuni ne, ko a jihar da take da madatsun wutar Kainji da Shiroro da Zungeru. Shi ya sa dabarar ƙwallo mai haske ta fi dacewa da mu: maimakon a haska fili gaba ɗaya, sai a haska abin da ake bi.

A wannan daren, mun yi kusan minti 40 muna kai da kawo ba tare da kowa ya ce ya gaji ba. Amfanin yana cikin tafiyar da ke tsakanin bugu da bugu. Wanda ya zaga cikakken filin golf da ƙafa yakan yi tafiyar da ta wuce kilomita shida, kuma irin wannan tattaki yana taimaka wa zuciya, yana rage hawan jini, yana sa jiki ya sarrafa sukari da kyau.

Amma dare mahutar bawa ne, kuma mafitar maciji. Don haka kafin ka kwashi iyalinka, ga abin da za ka kiyaye. Ka je ka duba filin tun da rana, ka san inda rami yake da inda kwalba ta fashe. Kowa ya sa takalmi rufaffe, domin kububuwa da kasa da kunama da dare suke yawo, kuma kada yaro ya cusa hannu cikin ciyawa neman ƙwallo sai an haska. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro daga faɗuwar rana yake fara farauta, saboda haka a sa riga mai dogon hannu, a shafa maganin korar sauro. Ƙwallon ba ta kai giram 46 ba, amma tauri gare ta kamar dutse, tana iya fasa ido. Kowa ya tsaya nesa a bayan mai bugu, kuma bugun ya zama gajere. Kada a bar ƙaramin yaro ya tauna tsinken nan mai sinadari, ko ya yi wasa da ƙwallon da ta tsage har batirinta ya fito, domin haɗiye ɗan batir abu ne na garzayawa asibiti.

Idan kana shan maganin sukari, ka riƙe dabino a aljihu, kuma ka tuntuɓi likitanka, saboda sukari yakan faɗi cikin barci bayan motsa jikin dare. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take. Da damina, da ka ga walƙiya ka ajiye sandar ƙarfe ka koma gida. A tashi aƙalla awa ɗaya kafin lokacin barci, kuma a zaɓi wurin da ke kusa da jama'a.

Na san za ka ce ba ka da sandar golf, ba ka da ɗa a Dubai. Ka tuna, mu da muka tashi da wasan dandali ba baƙin wannan harka ba ne. Da farin wata ya fito, maza suna langa, mata suna gaɗa, babu wanda ya kira shi motsa jiki, amma kowa yakan kwanta a gajiye ya tashi garau. Yau wayar hannu ta cinye dandalin. Ƙwallon roba da fitila mai caji guda biyu sun isa su dawo da shi a ƙofar gidanka.

Da za mu koma, ƙaramar jikar ce ta riƙe ƙwallon a tafin hannunta har hasken ya mutu. Ta ce, "Kaka, gobe ma za mu zo?" Ya ce, "In kin gama aikin makaranta." Sannan ya juyo ya ce mini rabon da ya yi fashin fitowa tun kafin azumi, domin ko ya so ya yi ƙiwa, yaran ba sa barin sa.

Kai ma yau bayan Isha'i, ka gwada minti 30 da naka yaran. Allah Ya ƙara mana lafiya.