Malama Ta Rasu A Hanyar Aji

Ya ku 'yan'uwana malamai da masu koyon malanta, ga wani labari da na daɗe ina so in ba ku. Tun ina yaro abin ya faru, amma har yau in hunturu ya kama, sanyin asuba ya ratsa ni, sai ya faɗo mini a rai.

A cikin 1986 ina aji shida na firamare, muna zaune a Nasarawo, cikin Gombe. A lokacin nan Gombe tana cikin Jihar Bauci, don sai a 1996 ta sami jiharta. Muna da wani malami dogo, siriri, mai son labarin duniya ƙwarai, ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa. Ran nan ya shigo aji yana murmushi, ya ce, "Yara, albishirinku!" Muka ce, "Goro!" Ya ce wai Amurkawa za su aika da wata malamar makaranta sama cikin kumbo. Sunanta Christa McAuliffe, tana koyarwa a wani gari da ake kira Concord, an kuwa zaɓo ta ne daga cikin malamai fiye da 11,000. Za ta ba da darasi biyu daga can sama, yara suna kallo a talabijin. Ya ɗaga alli ya ce, "Kun gani? Ashe wannan ma yana kai mutum sama."

To, tun daga ran nan ba mu da zance sai na Malama. Har na kai labarin gida wurin Bappana, watau wan mahaifina, wanda ya yi zaman Kano da ƙuruciyarsa. Ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne gare shi, gama a 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, akwai tashar da Amurkawa suka kafa a Kano don bin sawun kumbonsa. Jin haka sai na ga kamar mu ma da namu hannu cikin tafiyar.

Ran Talata, 28 ga Janairu, kumbon nan mai suna Challenger ya tashi daga Florida. Can safiya ce, nan kuwa ana gab da magariba. Bayan sallar lisha muna zaune a zaure, mun kewaye kaskon wuta, Bappa ya murɗa rediyo. Sai muka ji an ce kumbo ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da tashinsa, watau minti ɗaya da 'yan kai. Mutum bakwai ke ciki, maza biyar mata biyu, ba wanda ya tsira. Malama tana da shekara 37, ta bar miji da 'ya'ya biyu. Bappa ya yi salati, ya ce, "Ajali ke nan, ɗana. In ya yi kira, ko a sama ko a ƙasa, sai an amsa." Na san gaskiya ya faɗa, amma a daren nan barci ya ƙi zuwa. Na yi ta mamakin kaina, yaya mutum zai yi baƙin cikin wadda bai taɓa gani ba?

Da gari ya waye muka tafi makaranta, aji ya yi tsit. Malam ya shigo, ya daɗe yana duban mu. Sa'an nan ya ce, "Malama ta rasu a hanyar zuwa aji. To, in malami bai iso ba, me a kan yi?" Wani yaro ya ce, "Wani malami ya kan shiga." Ya ce, "Madalla. Ku fito waje."

Ya sa aka kawo ɗan bokiti da igiya, aka zuba ruwa rabi. Ya riƙe igiya, ya yi ta wulwula bokitin bisa kansa da sauri, bakinsa yana juyowa ƙasa, amma ko ɗigo bai zube ba. Ya ce kamar yadda igiya ke jan bokiti, haka ƙasa ke jan kumbo, gudu ne kuwa ya hana shi faɗowa. Ya ce kumbo ya kan yi wajen mil 17,500 cikin sa'a guda, ya kewaye duniya cikin kamar minti 90. Muka karɓi bokiti bi da bi. Wanda ya yi sanyin hannu sai ya jiƙa rigarsa a cikin hunturun nan, muka yi ta dariya. Dariyarmu ta fari ke nan tun jin labarin.

Bayan 'yan makonni Malam ya zo mana da dalilin haɗarin. A jikin kumbon akwai manyan rokoki biyu, an toshe mahaɗarsu da zoben roba don kada wuta ta fita. Daren da za a tashi an yi sanyi har ruwa ya daskare, roba ta sandare, kamar yadda man shanu ke yi a hunturu. Wuta ta sami kafa, ta ci tankin mai. Waɗansu injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren, suka ce a dakata, amma manya ba su ji ba. Wani masani cikin masu bincike, Richard Feynman, ya tsoma guntun robar nan cikin ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, kowa ya ga yadda ta ƙi komawa daidai. Na ce, "Malam, to, ajali ne ko sakaci?" Ya ce, "Ajali na Allah ne, ba mai tambayarsa. Sakaci kuwa namu ne, tilas mu tambaye shi, don kada a koma." Sai da aka yi fiye da shekara biyu da rabi ana gyara, kana wani kumbo ya tashi a Satumba 1988. Duk da haka a 2003 Columbia ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai kuma suka tafi. Ɗan Adam ke nan, mai saurin mantuwa.

Ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai aka aiko mini Malam ya rasu a haɗarin mota, ran Litinin da sassafe, yana komawa makarantar ƙauyen da aka mai da shi. Na zo ta'aziyya, na zauna a tabarma tare da jama'a, kowa yana cewa a yi haƙuri. Na yi ƙoƙari, haƙurin ya ƙi zama. Sai da lokacin gwajin koyarwa ya zo, aka ba ni aji biyar, na tsaya gaban yara na rasa ta inda zan fara. Can na ji bakina ya ce, "Ku fito waje, a kawo bokiti da igiya." Ina wulwula bokitin nan hawaye yana zubo mini, yara suna tsammani iska ce. Ran nan zuciyata ta yi sanyi.

Ashe can Amurka ma haka aka yi. Barbara Morgan, malamar da aka tanada don ta maye gurbin Christa in ta kasa, ta yi jiran shekara 21, har ta hau sama a 2007. A 2018 kuma waɗansu 'yan sama jannati biyu, Joe Acaba da Ricky Arnold, waɗanda dā malaman makaranta ne, suka ɗauki darussan da marigayiya ta shirya, suka koyar da su daga tashar sararin sama, shekara 32 bayan rasuwarta. Aji ya daɗe yana jira, amma dai wani malami ya shiga.

To, 'yan'uwa, malamanmu sun gaya mana ilmi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Kowanenku yana da wani malami da ya riga mu gidan gaskiya. In kewarsa ta dame ka, yi masa addu'a, sa'an nan ka tuna abu guda da ya koya maka, ka shiga aji gobe ka koya wa yara. Ni dai nan na sami haƙuri. Allah ya jiƙan malamanmu, ya sa mu ma a sami mai shiga ajinmu bayanmu, amin.