Tsohon Birnin Urushalima Da Ƙafa

Yawancin 'yan'uwanmu masu zuwa ziyara Urushalima daga cikin babbar mota suke ganin birnin. Ja-gora ya ɗaga tuta, jama'a su bi shi, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a koma mota. Wannan ba laifi ba ne, amma ta haka baƙo yakan ga duwatsu ya dawo bai gaisa da masu gari ba. Saboda haka muka keɓe yini ɗaya muka shiga tsohon birni da ƙafa, ba ja-gora, ba abokin tafiya.

Tsohon birnin ba shi da girma. Ganuwarsa, wadda Sarkin Turkawa Sulaimanu ya gina wajen 1537 zuwa 1541, tsawonta kamar kilomita 4 ne. Ƙofofi 8 ne, amma ɗaya a toshe take. A ciki akwai unguwa huɗu: ta Kirista, ta Musulmi, ta Yahudawa da ta Armeniyawa. Mun shiga ta Ƙofar Yafa, daga yamma. Daga nan hanya sai gangara, mataki bayan mataki, cikin kasuwa mai rufi, ana ƙanshin gahawa da turare da burodi mai riɗi. Mota ba ta bin yawancin lungunan, sai amalanke. In mai amalanke ya yi tsawa, manne da bango! Ga dabara ga wanda ya rikice: in ya fuskanci yamma yana hawa, zai koma wajen Ƙofar Yafa. Sunayen tituna kuma a rubuce suke a bango da Ibrananci da Larabci da Turanci.

Muka ratsa unguwar Kirista zuwa Majami'ar Kabari Mai Tsarki, wadda aka fara keɓewa a shekara ta 335, zamanin Sarki Kustantin. Ɗariku dabam dabam ne suke raba ta, kowa da kusurwarsa da lokacin sujadarsa. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun gidaje biyu na Musulmi tun ɗaruruwan shekaru. Ƙungiya takan wuce da sauri, amma mai tafiya shi kaɗai yana da zarafin hawa saman ginin, inda sufayen Habasha suke zaune cikin ƙananan ɗakuna masu kama da na ƙauyukanmu. Muka zauna a inuwa tare da wani dattijo daga cikinsu. Ba ma jin harshen juna, amma ya matsa ya ba mu wuri.

Daga nan muka gangara ta hanyar da ake ce Yesu ya bi ɗauke da gicciye, har kwarin da ya raba birnin. Muka karkata kudu kaɗan, sa'an nan gabas, wajen ɗaya daga ƙofofin Masallacin Kudus. A nan akwai abin da zai ba Bahaushe mamaki. 'Yar unguwa ce ta baƙar fata, waɗanda kakanninsu suka fito daga Nijeriya da Cadi da Sanagal da Sudan, har da Hausawa. Da yawansu bayan aikin hajji suka zo, zamanin mulkin Ingila, suka zauna suka yi aure. Jikokinsu Larabci suke yi yanzu, amma sun san asalinsu. Mun yi sallama, aka amsa, aka kawo shayi. Muka koma arewa, muka bi gabas ta Tafkin Baitasda, muka fita ta Ƙofar Zakuna, ga Dutsen Zaitun a gabanmu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Kiristan garin. A ƙidayar 1922 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Urushalima Kirista ne. Yau ba su kai biyu cikin ɗari ba. Yawancinsu Larabawa ne, abincinsu kuwa ya dogara ƙwarai ga baƙi. Yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoba 2023 ya tsayar da masu ziyara, kantuna da yawa suka yi watanni a rufe. In motoci sun sauke jama'a sun kwashe su ba wanda ya tsaya, me zai riƙe matasansu a gida?

To, mai karatu, in Allah ya kai ka, roƙi shugaban tafiya ya ba ka rabin yini. Tambayi masu masauki ko gari lafiya kafin ka fita, ka riƙe fasfo da katin masaukinka, ka sa tufafi masu rufe jiki da takalmi marar santsi. Ka tuna hutu uku ne: Jumma'a, Asabar da Lahadi, kowace unguwa da ranarta. Ka koma kafin duhu. In Lahadi ce, shiga majami'ar da ake sujada da Larabci, ka zauna har a tashi, ka gaisa da 'yan'uwa a bakin ƙofa, ka tambayi abin da suke so a roƙa musu in ka koma gida.