Waƙa A Bakin Mai Ita, Sauti A Hannunmu

Masu iya magana na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba na ja da magabata, amma a wannan zamani kafin waƙa ta bar bakin mai ita ta isa kunnen mai sauraro, sai ta shiga makirufo, ta bi waya, ta ratsa na'urar haɗa sauti, sannan ta fito ta lasifika. Mutumin da ke zaune a bayan wannan na'ura shi ake kira mai sauti, wasu kuma su ce masa injiniya. Ita ce sana'ar da nake yi a ƙarshen mako a unguwarmu ta Liman Abaji da sauran unguwannin Keffi, kamar Tudun Ƙofa da Sabon Gari, ni da maigidana mai kayan. Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗaliban harshe shi ne, babban aikin mai sauti a taron da ake waƙar Hausa shi ne ya tsare wa mawaƙi maganarsa.

Wuraren da muke aiki ƙanana ne: ƙofar gida da aka kafa rumfa aka jera kujerun roba, ko filin makarantar firamare, ko ɗakin taro mai rufin kwano. Masu kiranmu kuwa iri-iri ne. Akwai makaɗan kalangu a wurin biki, da mata masu kiɗan ƙwarya ranar suna, da masu mandiri a lokacin Maulidi, da ƙungiyoyin zumuntar mata na coci masu kiɗan tulu, da kuma samari masu fiyano da jita. Addini da ƙabila sun bambanta, amma yawancin waƙoƙin da Hausa ake yin su, domin ita ce harshen da ya haɗa Bagwandare da Bamade da Bafulatani a garin nan.

Duk wanda ya saurari manyan mawaƙan Hausa ya san kalma ce ke gaba, kiɗa na biye. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi ya yi suna. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake zama da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ƙwarya ce kayan kiɗanta. Kayan kiɗan ba su da yawa, amma mutane na haddace baitocin. Ƙananan mawaƙanmu na unguwa ma a kan wannan turba suke, kuma abincinsu na nan a rataye. Idan mawaƙi ya ambaci sunan uwar amarya da na kakanninta ta ji da kunnenta, sai ta tashi ta yi liƙi. Idan kiɗa ya danne sunan, ta ci gaba da hirarta, mawaƙi da yaransa su koma gida hannu rabbana.

Saboda haka idan muka isa wuri, da muryar mawaƙi nake fara gwaji, sannan 'yan amshi, sannan kayan kiɗa. Kalangu shi ya fi buƙatar lura. Makaɗi na matsa tsarkiyarsa a hammata yana sakinta, sautin ya hau ya sauka kamar yadda karin maganar Bahaushe ke hawa da sauka, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. To, masu magana biyu ke nan a fili ɗaya, kuma dole ɗaya ya rage wa ɗaya. A ƙaramar ƙofar gida sau da yawa ba na sa wa kalangu makirufo ko kaɗan, don ƙarar da Allah ya ba shi ta isa.

Babban abokin gabar mai sauti shi ne kukan lasifika, wannan ƙara mai tsini da ke sa mutane toshe kunne. Dalilinta a fili yake: makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ta ƙara masa ƙarfi ta sake fitarwa, abin ya yi ta zagayawa. Maganinta shi ne a ajiye lasifika a gaban mawaƙa tana fuskantar jama'a, kuma a hana mawaƙi dunƙule kan makirufo da tafinsa, domin yin haka na sa ya ɗauki sauti daga kowace kusurwa. Wanda ba ya jin wannan gargaɗi shi ne sanƙira. Da zarar ya hango wani Alhaji ya sa hannu a aljihu, sai ya bi shi har gaban lasifika yana kirari, ni kuwa yatsana na kan maɓalli ina bin sa da ido.

Sai batun wuta. Ba ma dogara da wutar gari, kullum da janareta muke tafiya, mu kai shi bayan katanga da doguwar waya don kada rurinsa ya shiga makirufo. Ƙa'idar da maigidana ya fara koya mini ita ce amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, in ba haka ba tartsatsin kunna sauran kaya na iya fasa lasifika. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin aikinmu ya tashi, kuma makaɗa ne suka fi jin jiki. Mai biki kan lissafa kuɗin mai da na kaya da na makaɗa shida, sai ya sallami makaɗan ya ɗauko yaro ɗaya mai kwamfuta ya saka waƙoƙin fim. Wasu mawaƙan ma yanzu waƙar da suka naɗa a situdiyo ake saka musu, su riƙa motsa baki. Amma waƙar da aka naɗa ba ta san wanda ya shigo fili ba, ba ta iya ƙara baiti don ƙanwar ango da ta iso daga Lafiya.

Akwai wani dare da abokan ango suka kewaye ni suna cewa in ƙara ƙarfin kiɗa har ƙasa ta girgiza. Tsohon makaɗin da muke tare ya ajiye kalangunsa ya ce musu, “Samari, in rawa kuke so ga fili, amma ku bar iyayenku su ji sunayensu.” Aka yi dariya, aka bar ni da aikina. Tsohon ya yi gaskiya ta wata fuskar ma. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade cewa kada mutum ya wuce awa 8 cikin ƙarar da ta kai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne kacal. Yara ƙanana kuwa su suka fi son zama a gindin lasifika. Shi ya sa muke ɗora lasifika a kan ƙafafun ƙarfe sama da kan mutum, in taro ya yi tsawo mu ƙara wasu biyu a tsakiya maimakon mu ƙure na gaba. In an kira salla kuma sai mu rage gaba ɗaya, domin bayan biki da maƙwabta za a ci gaba da zama.

Ni Hausa ba a nono na sha ta ba. Da harshen Eggon na tashi, Hausar kasuwa na fara ji, irin wadda ba ta damu da bambancin kara da ƙara ba. A aji an koya mana cewa tsawon wasali ne ya raba gari na zama da gari na tuwo, kuma rubutun boko bai nuna wannan bambanci. Na rubuta na ci jarrabawa, amma a bayan na'ura na ji abin da kunnena, lokacin da nake ware muryar mawaƙi ita kaɗai ina saurare. Nan na gane yadda yake jan dogon wasali ya zauna daidai da bugun ganga, da yadda baƙaƙe irin su ts da sh da ƙ ke ɓacewa da zarar an cika sautin ƙasa an rage na sama. Baƙi ɗaya ya ɓace, ma'ana ta bi shi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri. Waɗannan mawaƙa na unguwa ba su da faifai, kuma mafi yawan abin da suke rerawa a daren yake ƙarewa. Na'urar da nake aiki da ita tana da kafar da ake naɗar sauti, kuma wayar hannu ta wadatar. Ku zo wurin biki, ku gaishe da makaɗa, ku nemi izininsu da na masu gida, ni kuwa in ba ku murya tsaf ku je ku rubuta ku yi nazari. Kunne dai ya girmi kaka, amma sai in an ba shi abin da zai ji. Allah ya sa mu dace, amin.