Harafin W da Ƙofar Dandamali

A jami'o'in Amurka, idan ɗalibi ya ajiye kwas a makon farko ko na biyu na zango, babu abin da zai bayyana a takardar sakamakonsa, tamkar bai taɓa shiga ajin ba. Idan ya wuce wannan wa'adin sannan ya janye, sai a rubuta masa W a gurbin maki. A yawancin makarantu harafin ba ya rage matsakaicin maki kuma ba ya ƙara shi, amma yana nan zaune a takarda, duk wanda ya karɓe ta sai ya gan shi. Ni ina da guda biyu, kuma da su na nemi gurbin digiri na biyu a fannin tsara dandamalin wasan kwaikwayo, wanda suke kira MFA.

Na farkon na same shi ne a shekarata ta biyu, a kwas ɗin lissafin ƙididdiga. Wasan da nake zana wa ɗakuna ya kai makon gwajin haske da sauti, makon da ake kwana a gidan wasa, jarrabawar tsakiyar zango kuma ta faɗo a ciki. Na auna, na ga da muguwar rawa gara ƙin tashi, na janye. Na biyun ya zo a shekarar ƙarshe, lokacin da aka kwantar da Inna a asibiti na dawo gida na yi mako uku a gefen gadonta. Wannan shi ya fi damuna, domin kwas ɗin zanen ma'auni ne, wanda ake koyon fitar da tsayi da faɗin kowane bango yadda kafinta zai gina shi ba tare da ya yi tambaya ba. Shi ne gishirin sana'ar da nake nema.

Kafin ɗalibin da ya zo daga waje ya sa hannu a takardar janyewa, akwai lissafin da ya zama dole ya yi. Mai bizar karatu ta F-1 a digirin farko sai ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zango. Idan ya sauka ƙasa da haka ba da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba, zamansa a ƙasar ma ya shiga haɗari. Sau biyun ina ɗauke da 15, na ajiye uku, na tsaya daidai kan gaɓa. 'Yan ƙasa masu karɓar tallafin gwamnatin tarayya su ma da tasu iyakar: galibi ana so su kammala kusan kashi 67 cikin ɗari na kiredit ɗin da suka yi wa rajista, kuma W yana shiga lissafin abin da aka ɗauka ba a gama ba.

Abin da na fahimta a lokacin neman gurbi shi ne ƙofa biyu ake bi. A jami'o'i da yawa akwai ofishin karatun gaba da digiri, wanda ke duba ko matsakaicin makinka ya kai 3.0 cikin 4.0. A nan W ba ya cutar da kai, sai dai idan WF ne, wanda wasu makarantu ke lissafawa a matsayin faɗuwa. Ƙofa ta biyu ita ce malaman sashen, su kuwa idonsu na kan kundin ayyukanka: zanen fensir, hotunan wasannin da ka yi wa aiki, da ɗan ƙaramin samfurin dandamali na kwali wanda rubu'in inci ko rabinsa ke wakiltar ƙafa ɗaya.

Na je taron ganawa da ƙungiyar URTA ke shiryawa a Chicago cikin hunturu, inda kowa ke baza ayyukansa a tebur, wakilan makarantu su zagaya, sannan su kira wanda suke so su zanta da shi. Makarantu shida suka kira ni. Biyar ba su ko ambaci takardar sakamako ba, abin da suke tambaya shi ne dalilin da ya sa na karkata wata ƙofa, da yadda na sasanta da darakta da muka saɓa. A ta shida ne wata malama ta ɗora yatsa kan W na biyu ta tambaye ni abin da ya faru. Na ba ta amsa a jimla biyu, na nuna mata inda na sake ɗaukar kwas ɗin a zangon bazara na samu A, na miƙa mata zanen ma'aunin da na yi a ciki. Ta duba layukan, ta gyaɗa kai, muka koma kan hotuna.

Na ga dalilinta, kuma ban ji haushi ba. Waɗannan shirye-shirye galibi na shekara uku ne, kuma 'yan tsiraru ake ɗauka a kowane reshe, na dandamali, na sutura, na haske ko na sauti. Kuɗi mai yawa ake zubawa a kan kowane ɗalibi. Makarantar wasan kwaikwayo ta Yale ma ta daina karɓar kuɗin karatu tun 2021, bayan David Geffen ya ba ta dala miliyan 150. Ban da haka, ɗalibin shi ne zai tsara wasannin makarantar. Ranar buɗe wasa ba ta matsawa, an sayar da tikiti, kafintoci da teloli suna jiran zanensa. Idan ya zame a tsakiya, mutum talatin ya bari a rana. Tambayar da ke zuciyar mai ɗaukar ɗalibi ita ce: wannan zai ƙarasa abin da ya fara?

Shi ya sa W ɗaya ko biyu, masu dalili, waɗanda kyakkyawan sakamako ya biyo bayansu, ba sa rufe ƙofa. Abin da ke tsayar da ido shi ne a ga harafin yana dawowa zango bayan zango, ko a gan shi a kwasa-kwasan sana'ar kanta ba a koma an gama su ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, su ma Larabar suke dubawa.

Yanzu idan ƙanne suka turo mini saƙo cikin dare suna tambayar ko su janye, nakan fara tambayarsu kiredit nawa zai rage musu, da kuma ranar da wa'adin janyewa zai cika. Daga nan in ce idan kwas ɗin na sana'a ne, su tsayar da zangon da za su koma masa kafin su sa hannu. Idan kuma lokacin neman gurbi ya zo, su rubuta dalilin a layi biyu ba tare da roƙo ba, su bar malamin da ya ga aikinsu a makon gwaji ya yi musu shaida a wasiƙarsa.