Abin Da Na Koyo A Abbaganaram

Ba yawon shan iska ne ya kai ni Maiduguri ba, gudun bakin mutane na yi. Na rubuta wani ɗan ra'ayi a shafina na sada zumunta game da rabon kayan agaji, sai ga zagi ya yi mini rubdugu har kwana uku, daga mutanen da ban taɓa gani ba, har aka haɗa da mahaifiyata wadda ta daɗe da rasuwa. Na ƙudura a raina zan rufe shafin in huta, amma na ce bari in fara ziyartar wani aminin mahaifina a Abbaganaram in ji ta bakinsa.

Ga wanda bai sani ba, Abbaganaram unguwa ce a cikin birnin Yerwa, kusa da unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Maiduguri a 1964. Unguwa ce wadda ta ga duniya. A maƙwabtanta ne cibiyar Muhammad Yusuf take, wadda aka rushe a rikicin watan Yuli na 2009. Sa'an nan ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari, katangar gidan yarin da ke unguwar ta faɗi, fursunoni 281 suka tsere. Da na shiga lungunan, na ga shatin ruwan a jikin wasu bangaye, ga kuma kasuwa tana ci, ana ciniki da Kanuri da Hausa kamar ba a taɓa yin kome ba.

Na iske dattijon a zaure bayan la'asar. Da muka gaisa aka kawo shayi, sai na kwashe labari na gaya masa. Ya yi shiru jim kaɗan, kana ya ce, "Ɗana, ka taɓa zama a garin da aka kashe waya?" Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, mu mun zauna. A watan Mayu na 2013 da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Barno, muka yi watanni ba mai kiran wani. Ɗanka ya fita da safe, ba ka san yana raye ba sai ka gan shi a ƙofar gida. Wasu har wata jiha suke zuwa don su gaya wa dangi suna nan lafiya. Lalle a lokacin ba wanda ya zage mu ta waya, amma wannan shirun ban yi wa maƙiyina fatansa ba."

Jikansa da ke zuba mana shayi ya sa baki, ya ce daren ambaliya kuwa ta Facebook da WhatsApp samari suka riƙa sanar da inda mutane suka maƙale a kan rufin gidaje, suna sa hotunan yaran da suka ɓace har a gane iyayensu. Ya ce a cikin waɗanda suka taimaka akwai waɗanda a da shi da su ba sa ga maciji a shafin.

Dattijo ya dube ni ya ce, "Wannan abu naku kasuwa ce. A kasuwa akwai mai gaskiya, akwai ɗan sane, akwai mahaukaci. Ban taɓa jin wanda ya daina cin kasuwa don mahaukaci ya zage shi ba, sai dai ya sake hanya, ya kuma san lokacin tashi. In kuwa zaman ya kai ga hana ka barci da natsuwa a salla, to, tashi ba laifi ba ne. Sai dai ka tambayi kanka, kai ba ka taɓa jifan wani da irin wannan dutse ba?"

Wannan tambaya ta kashe mini jiki, domin na tuna wata baƙar magana da na taɓa mayar wa wani malamin makaranta, alhali magana zarar bunu ce.

A cikin mota, kan hanyar Damaturu, na yanke shawara. Ban rufe shafin ba. Na toshe masu zagin ba tare da na tanka musu ba, na keɓe sa'a guda a yini ga shafin, na kuma nemi wancan malami na roƙe shi gafara. Jama'a, wanda zagi ya dame shi yana da ikon ficewa, ba wanda zai ga laifinsa. Ni dai mutanen Abbaganaram, da wuta da ruwa ba su kore su daga unguwarsu ba, su suka sa na ji kunyar gudu. Allah ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, amin.