Gumin Wa Ya Gina Gidan?

Ƴan uwa manoma, babbar gona takan ɗauki sunan mai ita. Waɗanda suka nome ta kuwa, ba a tunawa da su.

Ga misali daga wata ƙasa mai nisa, Ostareliya. Tun daga 1788 Turawan Ingila suka riƙa kai ƴan kaso can cikin jiragen ruwa. Kafin a daina a 1868, an kai mutum fiye da 160,000. A 1793 aka bai wa wani soja, John Macarthur, fili mai kusan hekta 40 a Parramatta. Filin na ƴan ƙasa ne, ba a kuwa tambaye su ba. Aka haɗa masa da ƴan kaso su sare daji, su yi gini. Ya sa wa gonar sunan matarsa Elizabeth. Iyalinsa suka yi arziki da tumaki masu gashi. Har yau gidan yana tsaye, kowa ya san sunan mai shi.

Mu nan ƙasar Matamaye, Nasara bai zauna ya yi gandu ba. Gona ya bar mana ita, manomin ya ɗauke. Sojan Faransa sun shiga Damagaram a 1899. Daga baya aka ɗora wa talaka lanho da aikin dole. Kwamandan yana da ikon ya kulle mutum kwana 15 ba tare da shari'a ba. Da ɗan kaso da talakan da aka kamo daga ƙauye, tare suke ɗaukar dutse, suna gyaran hanya.

Kakana yana cikinsu. Ya gaya mini wata shekara gardi ya tafi da shi ana tsakiyar noman farko. Kakata ta ɗauki hauya da goyo a baya, amma ciyawa ta fi ƙarfinta. Da kaka rumbu bai kai rabi ba. Ƙanensa ya gudu cikin dare ya tsallaka ƙasar Daura, can ya mutu. Kakana bai taɓa kukan bulala ba. Gero ne yake tunawa, wanda ya lalace a idon matarsa.

An hana aikin dole ranar 11 ga Afrilu 1946, da dokar da Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya kai majalisar Faransa. Amma hali zanen dutse ne, doka ba ta kankare shi. Na sha ganin mai gona ya ɗauki ƴan barema, sun wuni cikin rana, da yamma ya ce su dawo ran kasuwa. Ran kasuwa kuma ya ɓuya.

Jikan wanda aka ci guminsa bai kamata ya ci na wani ba. In ka sa mutum aiki a garkar rake ko gonar gyaɗa, ku yanke lada tun da safe. Ka biya shi kafin ya saɓa hauyarsa ya tafi, don gidansa ma ana jiran tuwo.