Zamanin da Kwara Ke Raba Wa Mutane Aiki

Kafin a datse Kogin Kwara a Kainji, kogin ne ke tsara wa mutanen ƙasar Yauri shekararsu. Sau biyu ruwa ke kawowa. Na farko farin ruwa, mai zuwa da laka a ƙarshen damina, daga ruwan saman da aka sha a nan kusa. Na biyu baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar yana tafiyar hawainiya, ya sauke lakarsa a hanya, ba ya isowa Yauri sai cikin hunturu. Wanda ya san waɗannan biyun ya san ranar da zai shuka, da ranar da zai saka taru, da lokacin da zai zauna gida ya ɗinke abin da ya yage.

Gungawa, masu kiran kansu Reshe, su suka fi kowa iya wannan zama. A gungunan tsakiyar kogi suke, irin su Foge. Da damina sukan noma gero da dawa. Idan ruwa ya ja baya ya bar ƙasa mai danshi, sai a dasa albasa a gaɓa, a riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya ana ba ta, kuma wannan albasa ce ta kai sunan Yauri kasuwannin kudu. Aiki ne mai karya baya, wanda ya taɓa yinsa ba zai ce maka wasa ba ne. Amma yana da farko, yana da ƙarshe. Ana cire albasa an gama ke nan, sai kokawa, sai bukukuwan aure, sai ziyarar dangi a wani gungu. Sarkawa kuma na tungayensu da birgi da mamari, suna fita da asuba, su dawo kafin rana ta yi zafi, mata su karɓi kifin su yi banda. Kambari na tudu ta wajen Ngaski, Shangawa can sama, kowa ya kawo abin da yake da shi kasuwar Yelwa, garin da ya zama mazaunin sarauta tun 1888, ya koma da abin da ba ya da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wancan zamani shi ne ƙarancin bashi. Kwale-kwale itace ne, filafili itace ne, ƙarfin da ke tuƙa su na damtsen mai shi ne. Masuncin da ya fita bai yi kamu ba ya yi asarar safiyarsa, amma ba wanda zai tare shi a bakin ruwa da lissafi. Ya ce ruwa bai ba da ba yau, ya ci tuwon da ke rumbunsa, ya yi barci.

Ba na cikin masu cewa da can babu wahala. Ƙudan da ke hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi kan duwatsu, ta wajen Bussa, ya makantar da mutane masu yawa. Zazzaɓi na ɗauke yara, asibiti kuma ya yi nisa. Duk wanda ya binne ƙannensa a wancan lokaci ba zai yi kewar komai da komai ba. Sai dai wahalar jiki daban take da damuwar da ke hana ido rufuwa, kuma ta biyun ce ta yi mana yawa yanzu.

An fara ginin madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Bussa da gunguna da fadamu, aka tashi mutane sama da 40,000. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti a sababbin matsugunai, da yawa kuma suka tayar da ɗakunan laka da ciyawa a gefe, don su suka saba da su. Babban abin da ya canza shi ne hawa da saukar ruwa sun daina bin kogi kaɗai, sun koma bin buƙatar injinan lantarki. Dattijon da ya san halin Kwara tun yana yaro ya wayi gari yana koyon ruwa kamar baƙo.

A shekarun farko kifi ya yi ambaliya a tafkin, masunta suka kwararo daga nesa, har daga Mali. Kafin shekara goma kamu ya faɗi ƙwarai. Daga nan tsere ya fara. Tafki ya yi faɗi, filafili ba ya kai mutum inda kifi yake, sai inji. Inji na shan fetur, fetur na son kuɗi kafin a kama ko ɗan ƙarfasa ɗaya, kuɗin kuma sai a wurin dillalin da zai karɓi kifin a farashin da ya ga dama. Taru ya riƙa ƙanƙancewar ido har ya kai ga dala, mai kwashe uwa da 'ya'ya. Mai albasa ma ya ajiye ƙwarya ya ɗauki injin ban-ruwa, ya faɗaɗa gona, ya rage ciwon baya, ya ƙara taki da magani da bashi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lissafin kowace fita ya ƙara tsananta. Ga waya a aljihu, wadda ta kawo sauƙin jin farashin kasuwa, ta kuma bai wa mai bin bashi hanyar samunka har tsakiyar ruwa.

Ina tuna haɗarin jirgin da ya nufi Wara, hedikwatar Ngaski, a watan Mayun 2021, inda mutane masu ɗimbin yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, kuma duk mai hawa jirgi a tafkin nan ya san yadda hakan ke faruwa: mai jirgi na son sawu ɗaya ya biya masa mai, fasinja na tsoron kasuwa ta watse kafin ya isa, babu mai iya cewa zai jira na baya.

Gungunan da ruwa ya ci ba za su dawo ba, ba kuma zan ce wa saurayi ya jefar da injinsa ba. Amma a Argungu, cikin jiharmu ta Kebbi, ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin biki ya zo, kuma mutane na kiyayewa domin Sarkin Ruwa da fada suna tsaye a kai. Masarautar Yauri na da sarakunan ruwanta, tana da bikin Rigata da ke tara masu jirage wuri guda. Da za su zauna da mutanen Borgu na ɗaya gaɓar, su ware watannin da kifi ke ƙwai a hana kowa saka taru a wuraren hayayyafa, da masunci ya sami lokacin da zai koma gonarsa ba tare da fargabar maƙwabcinsa na can yana kwashe rabonsa ba. Sai an sa dillalai cikin zaman, domin su ne za su amince a jinkirta biyan bashi har a buɗe ruwa.